Zafi Ba Ya Tura Komai: Yadda Wasu Kiristal Ke Tsukewa Idan Sun Ji Wuta

Wanda ya taɓa zama a ɗakin kwano a Zariya cikin watan Afrilu ya san ƙarar nan. Hantsi na dubawa, rana ta fara dukan rufi, sai ka ji ƙas, ƙas, kamar ana jifa da tsakuwa. Bayan magariba ƙarar ta dawo. Kwanon ne ke miƙewa yana gogar ƙusa, in ya huce kuma ya koma yadda yake. Fallen alminiyam mai tsawon mita 3, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40 a ma'aunin Selshiyas, yakan ƙara kusan milimita 3. Wayoyin lantarki da ke bin titin Samaru sukan saki jiki da bazara, hunturu na shigowa su ɗame. A tsohon layin dogo na tashar Sabon Gari akwai 'yar tazara tsakanin ƙarfe da ƙarfe, domin sandar dogo mai mita 12 tana ƙara fiye da milimita 4 idan zafi ya hau da digiri 30, in ba a bar mata wuri ba sai ta tanƙware. Bakanike a Tudun Wada ya san wannan tun yana yaron gareji: yakan gasa boris kafin ya zura shi, in ya huce ya kama gam.

Shi ya sa muke koya wa yara cewa zafi na buɗa abu, sanyi na tsuke shi. Na daɗe ina faɗar wannan jimla a gaban allo. Wata rana wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to mene ne yake tura ƙarfen har ya buɗe?" Tambayarta ta fi jimlata nauyi, domin amsar gaskiya ita ce babu abin da ke turawa. Zafi motsi ne kawai. Ko abu ya buɗe, ko ya tsuke, ko ya tsaya cak, ya danganta ne da irin motsin da ƙwayoyinsa ke yi da kuma inda suka samu fili. Akwai daskararrun abubuwa da in ka gasa su sai su ƙanƙance ta kowace fuska, in sun huce su koma girmansu na da, ba su ƙone ba, ba su rasa komai ba.

Kafin a kai gare su sai an san mene ne kiristal. Ba lu'ulu'u kaɗai ba ne. Gishirin miya kiristal ne, haka sukari, alif, ƙanƙara, yashin rafi, har da ƙarfen ƙofa. Abin da ya haɗa su shi ne ƙwayoyin zarra, waɗanda masana ke kira atam, sun jeru bisa tsari guda mai maimaita kansa, kamar saƙar tabarma, sai dai wannan saƙa ta tsawo ce da faɗi da tudu. Ƙanƙantarsu ta kai a jera kusan miliyan 4 a cikin milimita ɗaya. Kuma ba a zaune suke shiru ba. Kowace ƙwaya tana karkarwa a gurbinta sau tiriliyoyi a daƙiƙa guda, kuma tunda a ɗaure suke da juna, karkarwar ba ta ɗaiɗai ba ce, tafiya take yi kamar yadda iska ke kaɗa gonar gero, kai bayan kai. Albert Einstein a 1907 da Peter Debye a 1912 su ne suka fara lissafa wannan karkarwa yadda ta dace da awo, daga baya a 1932 aka raɗa wa kowane ɗan ƙunshi na kaɗawar suna fonon. Idan ka ce abu ya yi zafi, abin da kake nufi shi ne karkarwar nan ta ƙara ƙarfi.

To me ya sa ƙarin karkarwa ke kawo buɗewa a yawancin abubuwa? Da a ce ƙwaya tana zuwa gaba da baya daidai wa daida, matsakaicin gurbinta ba zai gusa ba komai ƙarfin motsin, kuma ƙarfe ba zai ƙara ko ƙiris ba. Amma ɗaurin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya ba haka yake ba. In suka matso kusa sai su ture juna da tsananin ƙarfi, kamar ka tura bango. In suka ja baya kuwa, janyowar da ke dawo da su sassauƙa ce. Ka ɗauki kwarya da gefenta ɗaya a tsaye yake, ɗayan a kwance, ka sa ƙwallon goriba a ciki kana jijjigawa. In jijjigar kaɗan ce, ƙwallon na nan wajen gindi. In ka ƙara ƙarfi, ba zai iya hawa gefen tsaye ba, sai ya riƙa yin nisa ta gefen kwance. Tsakiyar zirga-zirgarsa ta gusa ke nan. Haka tazarar kowace ƙwaya da maƙwabciyarta ke ƙaruwa da ɗan mitsitsi, in aka tara na miliyoyin ƙwayoyi sai a ga milimita. Baƙin ƙarfe na ƙara kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri, jan ƙarfe 17, alminiyam 23, gilashin kofi kusan 9.

Akwai tsukewar da ba ita muke nufi ba, gara a kawar da ita tun yanzu. Tukunyar ƙasa na raguwa a wajen gashi, nama na motsewa a kan tukuba, fata na takurewa a rana. Duk wannan ruwa ne ya fita ko jikin abin ya sauya, kuma ba ya dawowa. Ruwa kansa yana da tasa al'adar: daga sifili zuwa digiri 4 tsukewa yake yi in an ɗumama shi, kuma ƙanƙara ta fi ruwan da aka yi ta da shi girma da kusan kashi 9 cikin 100, shi ya sa ledar ruwa ke kumbura a firiza. Amma wannan zancen narkewa ne da yadda ƙwayoyin ruwa ke sake jeri. Sai kuma ƙarfen Invar, gamin baƙin ƙarfe da kashi 36 cikin 100 na nikel, wanda Charles Guillaume, ɗan Suwizalan da ke aiki a Faransa, ya gano a 1896, har ya ci kyautar Nobel a 1920. Shi kusan ba ya motsi da zafi, amma sirrinsa na maganaɗisu ne. Abin da ya dame mu a nan shi ne kiristal da karkarwar ƙwayoyinsa ita kanta ke janyo shi ciki.

Wanda ya fi shahara a cikinsu farin gari ne da ake kira zakoniyam tangistet, a rubuce ZrW2O8. An fara haɗa shi a 1959, a 1968 kuma wasu masu bincike a Amurka suka lura yana tsukewa da zafi, amma maganar ta kwanta shekaru. A 1996 ne Arthur Sleight na Jami'ar Jihar Oregon da abokan aikinsa suka fito da tsarin ƙwayoyinsa, suka nuna cewa yana tsukewa ba yankewa tun daga digiri 273 ƙasa da sifili, wato dab da iyakar sanyi, har zuwa digiri 777, inda yake fara rugujewa. Fiye da digiri 1,000 ke nan. A zafin ɗaki yana raguwa da kusan kashi 9 cikin miliyan a kowane digiri, kwatankwacin yadda gilashi ke ƙaruwa amma ta juye. In zafi ya wuce digiri 150 da ɗoriya, saurin yakan ragu zuwa kusan rabi. Abin da ya fi jan hankali shi ne tsukewar iri ɗaya ce ta tsawo da faɗi da tudu. An daɗe da sanin kiristal da ke tsukewa ta fuska ɗaya su buɗe ta wata, irin waɗannan kuwa sukan tsattsage. Wannan bai yi haka ba.

Ga yadda aka gina shi. Kowace ƙwayar zakoniyam tana zaune a tsakiyar ƙwayoyin oksijin 6, sun yi siffa kamar dala biyu da aka haɗa gindi da gindi. Kowace ƙwayar tangistan kuma tana tsakiyar oksijin 4, siffar ƙaramar dala mai fuska huɗu. Waɗannan siffofi ba su manne da juna fuska da fuska ba. Ta tsini kawai suka haɗu, kuma tsinin nan ƙwayar oksijin ce guda ɗaya, wadda ke da maƙwabta biyu rak, zakoniyam a nan, tangistan a can. Ita ce gada tsakaninsu. A kewayen gadar kuwa fili ne fetal.

Ka tuna yara a dandali sun yi sahu, kowa ya miƙe hannuwansa ya kama na kusa da shi. Jikin kowane yaro shi ne ƙwayar ƙarfe, dunƙulen hannu biyu da suka haɗu shi ne oksijin. In hannuwa a miƙe suke ɗoɗar, tazarar yaro da yaro ta kai iyakarta. Yanzu ka ce su riƙa kaɗa hannuwan sama da ƙasa ba tare da sun saki juna ba, ba kuma tare da sun lanƙwasa gwiwar hannu ba. Hannu ba ya ƙara tsawo. Duk lokacin da dunƙulen ya yi sama, dole kafaɗu su matso. In ya yi ƙasa, dole su sake matsowa. Babu gefen da zai je ya ture su baya fiye da inda suka fara. Kaɗawar na ƙara ƙarfi, sahun na ƙara gajarta. Wannan shi ne dukan sirrin, kuma ina ganin ya cancanci a daɗe ana dubansa, domin motsin da muka ce shi ne zafi, shi ɗin ne dai ya janyo su. Bambancin kawai motsin na gefe ne, ba na gaba da baya ba.

Lissafinsa ɗan sakandare zai iya. In tsawon kowane hannu bai canja ba, kuma ya karkace daga miƙaƙƙen layi da wata kusurwa, tazarar ta zama tsawon farko sau kosayin na kusurwar. Karkacewar digiri 5 na rage tazara da kashi 0.4 cikin 100, ta digiri 10 kuwa da kashi 1.5. Duk tsukewar da zakoniyam tangistet ke yi daga iyakar sanyi zuwa inda yake rugujewa ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tsawonsa ba. Ashe ba wata babbar rawa ake buƙata ba, ɗan lilo ne na 'yan digirori.

Sai dai a cikin kiristal gadojin ba sahu ɗaya ba ne, sun sarƙe ta ko'ina, kuma oksijin ɗaya ba ta motsi ba tare da ta ja 'yan uwanta na cikin dala ɗaya ba. A nan ne masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Martin Dove da Volker Heine da abokan aikinsu, suka kawo bayanin da ya yi tasiri ƙwarai. Suka ce a ɗauki kowace dala a matsayin ƙwaƙƙwaran dunƙule da ba ya lotsewa, abin da ke faruwa shi ne dunƙulen gaba ɗaya yana ɗan juyawa, na kusa da shi ya juya ta kishiyar fuska, tsinin da ya haɗa su ya zama gaɓa. Ka duba ƙofar ƙarfe mai naɗewa ta shagunan Sabon Gari. In mai shago ya ture ta gefe, babu sandar da ta gajarta, gaɓoɓi ne suka lanƙwashe, ramukan da ke tsakani suka tsuke, ƙofar mita biyu ta koma taƙi biyu. Irin wannan juyi ba ya cin ƙarfi sosai tunda ba a miƙa ko matse wani ɗauri ba, don haka ko ɗan zafi kaɗan ya isa ya tayar da shi. Wannan ne dalilin da ya sa tsukewar ke farawa tun a tsananin sanyi.

Daga nan za a gane me ya hana gishiri yin haka. A cikin gishiri kowace ƙwaya na kewaye da maƙwabta 6, cunkus, kamar fasinjoji a bayan motar kasuwa. Duk inda ta nufa akwai wata a gabanta, motsin gefe a wajen wannan maƙwabciya motsin gaba ne a wajen waccan. Sai an samu ɗauri mai ƙarfi da ba ya miƙewa da sauƙi, da gada mai maƙwabta biyu kacal, da fili a gefenta, sannan tsukewa ke rinjaye. Na ce rinjaye domin buɗewar nan ta ƙwallon goriba ba ta tafi ko'ina ba. A cikin waɗannan kiristal ma ɗaurin da ke tsakanin ƙarfe da oksijin yana ƙara tsawo kaɗan da zafi. Ja-in-ja ce ake yi tsakanin abu biyu, ma'auni kuma ragowar kawai yake nunawa.

Wannan ya taɓa rikita masu awo. Hasken eksire da ake leƙa tsarin kiristal da shi ba ya ganin ƙwaya a take, matsakaicin gurbinta yake nunawa. Dunƙulen hannun da ke kai-komo sama da ƙasa, matsakaicinsa na nan a tsakiya kan miƙaƙƙen layi. Idan ka auna daga kafaɗa zuwa wannan tsakiyar sai ka rantse hannun yaro ya gajarta, alhali bai gajarta ba. Haka a kan takarda ake ganin kamar ɗauri ya tsuke da zafi, sai da aka samu hanyoyin auna ainihin tazarar ƙwaya da ƙwaya aka ga ƙaruwa ma ya yi.

Akwai wata hanyar fahimtar abin da ta fi zurfi, kuma mai kiɗan gurmi ya riga ya san rabinta. In ya ɗame tsarkiya muryarta takan yi sama, in ya sassauta ta yi ƙasa, ta yi laushi, ta riƙa kaɗawa da faɗi. Yawancin karkarwar cikin daskararrun abubuwa akasin haka take: in ka matse abu ƙwayoyi su takura, karkarwar ta yi sauri da tauri, in ka buɗa shi ta yi laushi. Bajamushe Eduard Grüneisen ne ya ƙulla wannan da buɗewar zafi a farkon ƙarni na 20, har yau kuma lambar da ke auna shi sunansa take ɗauke da shi. Ƙa'idar ilimin zafi ta nuna cewa in zafi ya ƙaru, abu yakan karkata zuwa yanayin da ƙwayoyinsa za su fi samun yawan hanyoyin motsi, abin da masana ke kira entirofi, karkarwa mai laushi kuwa ita ta fi ba da wannan dama. A ƙarfe da gishiri laushin yana wajen buɗewa, sai su buɗe. A gadar oksijin kuwa, wadda ke kaɗawa ta gefe kamar tsarkiya, laushin yana wajen sassautawa, wato in bakin biyu suka matso. Sai kiristal ɗin ya bi ta can. Doka ɗaya ce ta haifi sakamako biyu.

Da wannan ido za ka ga abin bai keɓanta da wasu baƙin sinadarai ba. Silikon da ke cikin kowace wayar hannu yana tsukewa da ɗumi tsakanin wajen digiri 255 da 150 ƙasa da sifili, saboda a wannan sanyi karkarwar gefe ce kaɗai ta farka. Ƙanƙarar ruwa ma haka take yi ƙasa da wajen digiri 200 a ƙarƙashin sifili. Baƙin bakin fensir, wato girafayit, falle-falle yake, kuma kowane falle yana ɗan tsukewa ta faɗinsa a zafin ɗaki domin yana kaɗawa sama da ƙasa kamar zanen da aka shanya.

Ta yaya aka san irin rawar da ƙwayar da ido bai gani take yi? Ana harba mata niyutiron, wato wani ɗan mitsitsin ɓangare na cikin atam da ba shi da cajin lantarki. In niyutiron ya shiga kiristal ya fito, yakan bar wani ƙarfi a ciki ko ya ɗauko, daga bambancin saurinsa da inda ya karkata ake gane wane fonon ya ci karo da shi. Bertram Brockhouse na Kanada ne ya ƙirƙiro wannan hanya, ya kuma samu Nobel a 1994. Mutanen Zariya ba baƙin niyutiron ba ne. A Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai injin nukiliya na bincike, NIRR-1, wanda ya fara aiki a 2004. Shi ƙarami ne, aikinsa gano sinadaran da ke cikin ƙasa da dutse da abinci, ba irin wanda ake auna fonon da shi ba ne. Wannan awo sai manyan cibiyoyi irin ta Oak Ridge a jihar Tenesi ta Amurka.

Daga irin waɗannan awo ne gardama ta taso, kuma a kan abu mafi sauƙin tsari. A 2010 rukunin Angus Wilkinson a Jojiya ta Amurka suka nuna cewa sikandiyam fulorayid, ScF3, yana tsukewa daga tsananin sanyi har zuwa wajen digiri 800. Tsarinsa kamar akwati ne: sikandiyam a kowace kusurwa, fulorin a tsakiyar kowane gefe, cikin akwatin wayam. Ƙwayoyi 4 kawai ke maimaituwa, alhali a zakoniyam tangistet 44 ne. A 2011 Brent Fultz na jami'ar Caltech ta Amurka da ɗalibansa suka auna shi da niyutiron, suka gano cewa fulorin ba ya lilo irin na ƙarfen sifirin mai lotsawa ya dawo, wanda aka saba lissafawa. A tsakiya sakayau yake, kusan babu abin da ke dawo da shi, amma yana yin ɗan nisa sai janyowar ta yi tsanani farat ɗaya, kamar igiyar shanya da ka ja ta gefe. A 2019 kuma Igor Zaliznyak na cibiyar bincike ta Brookhaven a Amurka da abokan aikinsa suka zo da abin da ya taɓa bayanin Kambirij kai tsaye. Sun ga ɗaurin sikandiyam da fulorin yana nan da taurinsa, amma tazarar fulorin da fulorin na cikin dala ɗaya tana warwatsewa da zafi. Ma'ana dalar ba ƙwaƙƙwarar dunƙule ba ce, kowace fulorin na lilonta kusan ita kaɗai.

Suka kwatanta abin da roba, kuma wannan za ka iya gwadawa a gida. Ka rataye dutse da robar ɗaurin kuɗi har ta miƙe sosai, ka yi alama a bango, sannan ka ɗumama robar da iska mai zafi. Dutsen sama zai yi. Dogayen sarƙoƙin ƙwayoyin roba in sun ji ɗumi sai su ƙara murɗe-murɗe, bakin sarƙa ya matso baki. John Gough na Ingila ya lura da wannan tun farkon ƙarni na 19. A ganina bayanan biyu ba kishiyoyi ba ne kamar yadda ake zato, baki biyu ne na hanya ɗaya. A wasu kiristal dala na da tauri sai ta juya gaba ɗaya, a wasu kuma ta yi sako-sako. Abin da babu wanda ya musa shi ne ɗauri mai tauri da motsin gefe. Ƙarin shaida ma akwai: in gadar ta zama ƙwaya biyu a jere maimakon ɗaya, kamar a zinki sayanayid, gaɓoɓin lanƙwasa sun ƙaru, tsukewar ta kai kusan kashi 17 cikin miliyan, kusan ninkin na zakoniyam tangistet. Shi dai guba ne, ba abin ajiyewa a gida ba.

Amfanin duk wannan ba a tsukewar kanta yake ba, a gauraya yake. In ka haɗa mai buɗewa da mai tsukewa bisa gwargwado, sai ka samu abin da zafi ba ya motsa shi, ko wanda ke motsi daidai da abin da aka manna shi da shi. Kofin gilashi na fashewa da ruwan shayi ne domin cikinsa ya buɗe kafin bayansa ya ji ɗumi. Baƙin gilashin da ke saman murhun lantarki na zamani ba ya fashewa ko an zuba masa ruwan sanyi yana da zafi, saboda cike yake da mitsi-mitsin kiristal na litiyam da alminiyam da silika masu tsukewa, suna soke buɗewar gilashin da ke kewaye da su. Kamfanin Schott na Jamus ya fito da irin wannan haɗi mai suna Zerodur a 1968, da shi aka yi madubai masu faɗin mita 8.2 na manyan na'urorin hangen taurari da ke Cile, da madubai na na'urorin hange na Keck a Hawayi, inda ko lanƙwasar da ba ta kai kaurin gashi ba takan ɓata hoto. Masu gyaran waya da kwamfuta a unguwar PZ ta Zariya kuwa kullum suna fama da kishiyar wannan. Silikon na buɗewa da kashi 2.6 cikin miliyan, jan ƙarfen da ke jikin allo da 17. Na'ura ta yi zafi ta huce, ta yi zafi ta huce, dalmar da ta haɗa su na shan ja, wata rana ta tsage.

Me ya hana a zuba zakoniyam tangistet a komai a huta? Filin nan da ya ba shi baiwarsa shi ne rauninsa. In aka matse shi da nauyin da ya kai wajen ninki 2,000 na nauyin iskar da ke kanmu, tsarin nasa sai ya rufta ya koma wani daban wanda tsukewarsa 'yar kaɗan ce. Da aka gauraya shi da jan ƙarfe, bambancin motsin su biyun a lokacin hucewa ya isa ya haifar da wannan matsi a cikin haɗin, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Haɗa shi ma aiki ne: in ta hanyar gashi za a bi, sai an kai sama da digiri 1,100 sannan a sanyaya shi da gaggawa kafin ya rabe gida biyu. Sikandiyam kuma tsada gare shi ƙwarai.

Abin da ke sosa mini rai shi ne kayan ba su yi mana nisa ba. Yashin zakon, wanda ake fitar da zakoniyam daga cikinsa, yana cikin tarkacen haƙar kuza a Filato, dutsen tangistan kuma akwai shi a Riruwai ta jihar Kano. A Samaru akwai sashen da ke koyar da fasahar gilashi da tangaran, ga sashen fiziks da na kemistiri. Kuma lissafin fonon na kiristal mai ƙwayoyi 4 irin sikandiyam fulorayid ba ya buƙatar injin niyutiron. Manhajoji na kyauta irin Quantum ESPRESSO da Phonopy suna yin sa a kan kwamfuta mai ɗan ƙarfi. Ɗalibin digiri na biyu da ya samu wuta da mai duba aiki nagari zai iya ganin rawar fulorin a kan allonsa, ya matse kiristal ɗin a lissafi ya ga wace karkarwa ce ta yi laushi.

Wanda ya fi kusa da mu duka kuwa yana ƙarƙashin ƙafa. Yashin Kubanni da fararen ƙwayoyin da ke ƙyalli a jikin dutsen Kufena ma'adinin kwaz ne, kuma shi ma ƙananan daloli ne na silikon da oksijin 4 da suka haɗu ta tsini. A zafin ɗaki dalolin a karkace suke tun asali, kamar ƙofar shago da aka ture rabi. In aka gasa shi, karkacewar na warwarewa, sai ya buɗe da sauri fiye da yawancin duwatsu. A digiri 573 sai ya ƙarasa warwarewa lokaci guda, girmansa ya yi tsalle da kusan kashi 1 cikin 100. A daidai nan ne tukunyar da aka gaggauta wa wuta, ko aka fito da ita iska da wuri, take tsagewa, shi ya sa masu gashin tangaran ke bin wannan mataki sannu a hankali, hawa da sauka. Sama da 573 kuwa ƙofar ta riga ta buɗe iyakarta, babu sauran abin warwarewa, lilo kaɗai ya rage wa dalolin. Daga nan in aka ƙara wuta, kwaz ya daina buɗewa, ya fara ɗan tsukewa.